Tsakuwar da Kaka Buba ya kasa faɗa

A kakar shekarar da na shiga aji huɗu, wajen ƙarshen shekarun 1980, muna ɓarar masara a ƙofar gidanmu a Burumburum sai na hango Kaka Buba, mahaifin innata, tafe daga rugarsu ta gefen Falgore. Mutumin da ke wuni bayan shanu sanda a kafaɗa, ranar dogara sandar yake yi, hannu dafe da kwiɓi. Bai shiga gida ba, dama ba ya shiga. Inna ƴar farinsa ce, ko sunanta ba ya kamawa, Baba kuwa suruki ne, gaisuwarsu daga nesa ce kowa kai a sunkuye. Ya zauna gindin ɗorawa, Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da "Lafiya lau" gumi na bin gemunsa.

Ni ce kaɗai babu kunya tsakanina da shi. Amarya yake kirana, ni kuma ina ce masa tsohon miji mai rowar nono. Na kai masa ruwa a ƙwarya, ya ture. Na ce to na fasa auren, tunda har ruwana ake ƙi. Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana.

"Amarya, inda ruwan zai fita ne ya toshe," ya ce a hankali. "Tun jiya ko ɗigo. Na sha jiƙo, na sha kanwa, shiru."

Sai da na girma na gane cewa ba hutu ne ya kawo shi ba. Babur ɗin Baba ya biyo, amma bakinsa ba zai iya furta fitsari gaban ƴarsa da mijinta ba, ko da zai mutu a gindin bishiyar. Ni ya zo nema. Na ruga na faɗa wa Baba gatsau, yadda yaro ke magana. Baba bai tambaye shi komai ba, ya tada babur ya ce, "Baffa, a taimaka a raka ni Tudun Wada."

Daga asibitin can aka tura su Kano. Hoto ya nuna tsakuwa ce ta gangaro daga ƙoda ta tare hanya. Aka sa masa roba fitsari ya samu fita, daga baya aka yi tiyata aka ciro ta. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ƙodojin sun tafi. Kaka ya ƙara shekaru yana tsokanata, kuma har ya rasu, shi da Baba ba su taɓa tada zancen ba.

Yanzu ana fasa irin wannan tsakuwa ba tare da an tsaga mutum ba, surukai kuma na cin tuwo a kwano ɗaya. Ina murna da sauƙin, amma ina kewar mutanen. Har yau nakan tsorata idan na tuna cewa ran dattijo guda ya taɓa rataya a bakin yarinya mai surutu.