Soson da Ya Ci Wuta Daga Ciki

Har in bar aikin nan ba zan manta da wata Asabar ba, ana saura mako guda babbar Sallah. Lokacin ina aikin auna sinadarai a wata masana'antar katifa kan hanyar Batagarawa.

Ga wanda bai san aikin ba, ruwa biyu muke haɗawa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsu sai su yi ta kama juna, suna zama dogayen sarƙoƙi, har ruwan ya kumbura ya daskare ya zama soso. Kowane kamu yana fitar da zafi. Shi ya sa doka ta ce sabon soso ya kwana a fili, nesa da ɗan'uwansa.

Ranar dillalai sun tsaya mana a kai, sai manaja ya ce a shigar da soson da muka yi da safe cikin sito, a jibge, don a samu filin yin wani.

Muna sallame La'asar muka ga baƙin hayaƙi na fitowa daga sito. Da ƙyar aka kashe wutar. Manaja ya juya kan Malam Isiya mai kula da sito, dattijon da ke ja mana salla.

"Babu lantarki a ciki, babu ashana. Sigari kake sha a ɓoye, Malam?"

Malam Isiya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni? Mi zan ce ma ɗiyana in an kore ni da wannan suna?"

Nan take aka karɓe makullin sito daga hannunsa.

Injiniya Binta, mai duba ingancin kaya, ta ce a fito da soso ɗaya da wuta ba ta taɓa ba. Fari fes, ko tabo babu. Ta ce mu raba shi biyu. Wuƙar na kaiwa tsakiya zafi ya bugo mu. Cikin ya yi baƙi ƙirin, yana hayaƙi! Na ja da baya ina salati. Da hannuna na auna shi da safe.

"Haɗuwar ba ta ƙare ba aka jibge shi," in ji ta. "Zafin ya rasa hanyar fita."

Manaja ya miƙa makulli, ya kasa ɗaga kai. Malam Isiya ya karɓa, hawaye na bin gemunsa.

Tun ranar, in kaya ya lalace, sai mun yanka mun duba cikinsa kafin mu dubi fuskar kowa.