Ranar da Ban Buga Ƙarfe Biyu Ba

A zamanin Turawa ni ne mai buga ƙarfe a wani ofis a Kontagora. Kada a raina muƙamin. Ba mai tashi daga aiki, har Baturen ofishin, sai na ɗauki guduma na doki guntun ƙarfen da ke rataye a jikin maɗaci. Bokona a aji uku ya tsaya, ya dai ishe ni karanta agogo.

Da kawuna ya rasu, 'yan'uwa suka raba awaki, ni aka miƙo mini gafaka. Tsofaffin waƙoƙin wa'azi ne a ciki da ajami, ba farko ba ƙarshe, gara ta riga ta ci nata gadon. Tsakanin bugu da bugu nakan karanta baiti guda, in rufe ido in bar shi ya zauna.

Wata Talata, bayan na buga ƙarfe ɗaya, na iske baitin da ke tuna wa mutum cewa numfashinsa ma a ƙirge yake. Na rufe ido ina bin nawa, yana shiga yana fita. Tun da aka haife ni ban taɓa jin zuciyata ta yi shiru haka ba. Na ji kunyar Ubangijina, na kuma ji daɗin kunyar.

Ashe uku ta kusa, ban buga ƙarfe biyu na tashi daga aiki ba. Malaman ofis, masu takardun shaida, ga agogo a bango gabansu, sun zauna da yunwa suna jiran gudumata.

Babban akawu ya fito ya tsaya a kaina.

"Kai, barci kake yi a bakin aikin gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, barci na san shi, shekara talatin ina yi. Wannan ba shi ba ne."

"To mene ne?"

"Da na iya faɗa, da ni ne akawu."

Ya ce daga gobe ko in bar takardun nan a gida, ko in bar aikin. Na duba ƙarfen, na duba gafakar. Na miƙa masa guduma da hannu biyu, cikin ladabi, na nuna masa inda ake duka don ƙarar ta kai kasuwa.

Mai ɗakina ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba. Da damina ta faɗi muka koma garin Salka, na kama noman dawa a gonar surukina. Masu cewa na yi wauta har yau suna faɗa, ni kuma har yau baiti guda nake karantawa.