Gasayar Gindin Katanga

Shekarun baya, damanar da ɗakina na Maruda ya zauna ƙasa, ɗana ya aiko mota anka kwashe ni zuwa gidan da ya gina a Kalgo. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai kama sunansa ba, doguwar magana ba ta haɗa mu, ido ma ba mu cika haɗawa ba. Haka na iske uwata na yi, haka na yi, kuma har alfahari nake da hakan.

Ranar da na sauka na ga tsakar gidan kore shar, haki ya cinye ko'ina. Na duƙa na duba, ƙiri-ƙiri ne. Ƙiri-ƙirin da na kwashe rabin rayuwata ina yaƙi da shi a gayaunata. Na ce a raina, wayyo, 'yan boko, gida har gida amma ba mai nomewa. Washegari da sassafe na ɗauko kalmena na noma na shiga aiki. Na share wuri ya kai faɗin tabarma biyu, ina ta jin daɗin kaina, sai ga matar ɗana da gudu, kallabi a hannu.

"Inna! Inna, don Allah tsaya! Shuka shi anka yi!"

Na ce, "Wa ya shuka ƙiri-ƙiri? Mahaukaci?"

Ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Mai gidan ne. Ado ne, Inna. Har ban ruwa ake yi mai."

Na ajiye kalme na koma ɗaki da kunyata. Ni da ake kira a ga nomana, ga ni na nome ado.

To da yake hakin ya yi rauni wurin da na sare, sai ɗana ya sa anka je tsohon gidana anka kwaso takin bayan ɗakina, na turken awakina, anka barbaɗa. Ruwa na sauka sai ga abin da ke cikin takin ya farka. Aya-aya, ƙarangiya, zaƙi-banza, duk sunka ɗago kai cikin adon mutane. Na ji shi yana faɗa wa matarsa za a kira mai feshi. Na kira ta na ce, "Ki ce ma mai gidanki ya bar kuɗinsa. Hannuna bai mutu ba."

Nan na nuna musu aiki. Irin wannan wuri ba ya son kalme. Tsohuwar wuƙa na samu wadda bakinta ya cinye. Sai an gama ban ruwa, ƙasa ta yi laushi, in zauna a 'yar kujera, in soka wuƙar gefen saiwa, in ɗago a hankali. Aya-aya in ka tsinke kanta ka bar ƙwayar a ƙasa, ka yi mata aski ne, jibi za ta dawo da ƙannenta. Sai na bi ta har na ciro ƙwayar, sannan in danne wurin da diddige hakin ya haɗe. Sati uku wurin ya koma kamar darduma. Baƙi na yabo, ina jinsu daga ɗaki.

Abu ɗaya na ƙi cirewa. A gindin katanga, wajen gabas, gasaya ta fito, tushe bakwai. Ina ganinta na gane ta, mai jan kara, irin ta bayan ɗakina. Shekarar da mahaifin ɗan nawa ya rasu gero bai yi ba, rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka. Gasayar nan na riƙa tsinka in dafa, in zubar da ruwan ɗacin, in kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Shi ne babba, shi nake fara tura wa akushi, ina kallon wani wuri kamar ban damu ba. Da ita ya kai kaka. Yanzu ɗakin ya faɗi, an daidaita wurin, sai ga ta ta biyo ni cikin taki har Kalgo. Na ƙudura zan bar ta ta yi kwanso ya bushe, in ɗebi iri in ƙulle a tsumma.

Duk wannan ban faɗa masa ba. Ya za a yi in zaunar da ɗan fari in ce ka tuna na ciyar da kai? Matarsa na ce wa, "Ki ce a bar man na gefen katanga, ina da aiki da su." Ta dawo ta ce ya ce to.

Kwanson ya fito, ya fara rawaya, saura kamar sati ya bushe. Sai anka yi mana rasuwa a Gwandu, ɗiyar yayata, na tafi zaman makoki kwana uku. Ashe a satin ne manyan wurin aikin ɗana za su zo cin abinci.

Ina shigowa gida warin maganin feshi ya tare ni. Ban ajiye ƙullina ba na nufi katanga. Duk bakwai ɗin sun murɗe wuya, ganyen ya nannaɗe, kwanson ya yi baƙi ya lanƙwashe. Na murza ɗaya a tafin hannu, ruwa ne ciki, ba ƙwaya. Haki kuwa ko gezau, sai sheƙi yake.

Matarsa ta tsaya bayana ta ce, "Wallahi Inna na tuna masa."

Da ya dawo ban aika kowa ba. Na tsaya gabansa na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kai, mi ta yi maka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai maganin nan wayo gare shi. Mai faɗin ganye kaɗai yake kashewa. Duba, ko tsinke ɗaya na ciyawar bai taɓa ba."

Na ce, "Gasaya ce. Ita ka ci shekarar da babanka ya rasu."

Ya ɗan waiga ko direbansa na ji, ya rage murya ya ce, "Haba Inna, wancan zamani ai ya wuce. So kike baƙi su ce har yau haki muke ci a gidan nan? Gobe a sayo miki a kasuwa."

Na juya na shige ɗaki. An sayo ɗin kuwa, ɗauri biyu. Matarsa ta kwaɗa da kyau, na ci loma ɗaya don kada ta ji ba daɗi.

Wata bai cika ba aya-aya ta dawo ta cika wurin, don ita siririn ganye gare ta, maganin mai wayo bai gan ta ba. Ya aiko matarsa wai ko Inna za ta taimaka. Na miƙa mata wuƙar na ce, "Kai masa. Ki ce a biyo ta har ƙwaya."

Na daɗe ina juya abin nan. Da na ajiye kunya tun farko na ba shi labarin da bakina, wataƙila da ya bari. Wataƙila kuma da amsar nan ce dai zan ji, da wuri. Wannan na biyun shi ke hana ni sakewa. Yaron kirki ne, ban rasa ci ba ban rasa sutura ba, kowa na cewa na yi dace. Na yafe masa, uwa ba ta da zaɓi.

Amma duk ruwan farko sai na ja sandata na bi gindin katangar nan ina dubawa. Shekara nawa yanzu, ko tushe ɗaya bai sake fitowa ba. Ƙiri-ƙiri kuwa lafiyarsa lau, da safe a ba shi ruwa, da marece a ba shi ruwa.