Hular Falmata a Aji Uku

Malam Isyaku bai taɓa zama a kujerar malami ba. Shekara ashirin da biyu yana koyar da aji uku a wata firamare a Yakasai, kullum a tsaye, da carbi a hannu. 'Yan unguwa suna cewa bawan Allah ne. Shi kaɗai ya san rabin jan carbin ba zikiri ba ne. In yatsunsa suka rasa abin yi, hankalinsa tashi yake kamar tantabara. Yana yaro a Jakara, Ƙiriniya ake kiransa, har yau da tabon dorinar malaminsu a kafaɗarsa. Bai yafe ba. Gaisuwa kawai ta riƙa haɗa su.

Shekarar da soja suka koma bariki aka jibge masa yara ɗari da sha ɗaya, cikinsu har da Falmata, 'yar shekara tara, jikar Baba Modu mai ɗinkin hula. Ba ta iya zaman minti biyar. A aike ta ɗauko alli, sai a tsince ta bakin taga tana ƙirga awaki. Ta sha bulala a makaranta, ta sha rubutu a gida, an yi mata hayaƙin aljanu. Wani likita ya ce ba iska ba ce, lalura ce ta kasa tattara hankali da yawan motsi. Aka ce likita bai zauna da Falmata ba.

A zauren kakanta Isyaku ya gan ta wata Asabar, zaune daram tana ɗinkin hula, tana maimaita labaran rediyo tiryan-tiryan. Litinin ya dawo da ita bencin gaba, ya ce ta riƙa zuwa da allura da zare. Umarni ɗaya-ɗaya yake ba ta. In ƙafarta ta fara rawa, sai ya ce ta goge allo. Kafin wata biyu ta haddace jadawalin lissafin sau bakwai.

Hedimasta, Malam Lawal, bai ga haka ba. Kujerar ofishin ilimi yake hange, kuma sabon kansila ne zai kai sunansa. Ya riga ya rubuta wa Baba Modu takardar ya cire jikarsa, tana cikin durowa tana jiran Juma'a.

"Laraba Honarabul zai zo," in ji shi. "Ka tura 'yar tawayen nan gida."

"Ba inda za ta, ranka ya daɗe."

"Isyaku, aji kake riƙe ko shagon tela?"

"Wanda duk ya fi koyar da ita."

Honarabul Musa, sabon kansilan, ya shigo ranar Laraba, babbar riga tana ƙarar sitati. Yara suka miƙe gaisuwa, ban da Falmata da ke zura zare. Ya tsaya a kanta, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"To, Malam, ashe kai ma ka buɗe sana'a. Yaran mutane ke yi maka hulunan da kake kai wa kasuwar Kurmi?"

Lawal ya yi saurin cewa da ma ya sha yi masa faɗa. Ran Isyaku ya ɓaci. Shi da ko huluna biyu ba shi da su.

"Honarabul, ƙwace hular, ka yi mata tambaya."

Ya ƙwace. "Bakwai sau takwas?"

Idon Falmata ya bi ƙadangare a bango. Aka fara ƙyalƙyala daga baya. Leɓenta ya soma rawa, Isyaku yana gani, amma ya bar shirun ya yi tsawo, don yana so ya yi tsawo. Sannan ya karɓi hular ya mayar mata. Allura ta shiga sau uku.

"Hamsin da shida," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kuma jiya rediyo ta ce kansiloli za su gyara rufin makarantu."

Duk aji ya kalli ramin kwanon da rana ke shigowa ta ciki. Honarabul ya gyara zaman hularsa. Shi ɗan siyasa ne, bai daɗe a ƙasa ba. Nan take ya ce wannan shi ne ainihin shirinsa na sana'ar hannu a makarantu, ya jinjina wa hedimasta da ya fahimci manufa. Lawal ya karɓi yabon da hannu biyu.

Bayan tashi Lawal ya yaga takardar a gaban Isyaku. "Ka ga, da ma ni ban taɓa son cire ta ba."

Isyaku ya juya masa baya. Ya fito yana huci da kansila, da Lawal, da malamin dorinar nan da ya daɗe da mutuwa. A bakin ƙofa Falmata na jiransa, idonta ja.

"Malam, me ya sa ka bari suka yi min dariya?"



"Laifina ne," ya ce. "Gobe bencinki yana nan. Kar ki makara."