Cokali Uku Na Zamzam Da Na Ba Baffa Idi

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Sakina. Ta cika da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, a gidanta da ke unguwar Al-Khalidiyya a Madina. Mu uku ne a kanta: mijinta Bashir, gwaggonmu Hajara, da ni. Bashir ya nemi gafararta, Gwaggo ta nema. Ni kuwa na tsaya bakin ƙofa ina gyara hula. Zan faɗi dalili bi da bi.

Sakina mataimakiyar nas ce a wani asibiti a nan Madina. Aikinta yana da iyaka, kuma ta san iyakar. Tana auna zafin jiki da hawan jini, ta wanke ciwo ta ɗaure, ta juya wanda ba ya iya juyawa, ta ba da maganin da likita ya rubuta bisa kulawar babbar nas, sannan ta rubuta duk abin da ta gani. Canja umarnin likita ba nata ba ne. Ni a lokacin na ɗauki wannan ƙanƙanci ne.

Shekara huɗu kafin rasuwarta, ɓarin jikin Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, ya shanye, aka kwantar da shi a sashen da take aiki. Likita ya rubuta kada a ba shi komai ta baki, domin haɗiya ta gagare shi. Mu kuwa, tun kakanninmu da suka zo daga Sudan, ba ma barin dattijo ya yi jinya bai sha zamzam ba. Bayan la'asar na zo da gorar zamzam.

Sakina ta tare ni. "Yaya, mamnu' ne, an hana. Ruwan ba ciki zai tafi ba, huhu zai shiga. Kawo in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe."

Na ce, a gaban mutane, "Ke da aikinki kwashe fo, ke za ki hana zamzam?"

Ta ce, "To ai ka faɗa da kanka, Yaya. Ba ni da ikon canjawa. Ka jira daktor."

Ban jira ba. Tana fita zuwa wani gado na ba shi cokali uku. A na ukun ya shaƙe, fuskarsa ta yi duhu. Ita ce ta dawo a guje, ta juya shi gefe, ta kira babbar nas. Kwana goma sha shida ya yi a ɗakin kulawa ta musamman kafin Allah ya tashi kafaɗunsa.

Abu uku suka biyo baya. Na farko, ta rubuta abin da ya faru, ta ce wani ɗan'uwa ne ya bayar. Na biyu, aka ba ta takardar gargaɗi, domin gadon yana hannunta. Na uku, ni ne na yi fushi, wai ta tona ni. Laifi tudu ne, na taka nawa na hangi nata. Duk Juma'a tana zuwa gidana a unguwar Al-Sih, ta ci abinci da iyalina, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba.

Yau ina ganin matasanmu a asibiti, waya a hannu, suna gardama da nas a kan abin da suka karanta jiya. Ina jin da tana nan ba za ta yi mamaki ba. Ni ba ni da waya a lokacin, girman kai kaɗai ya ishe ni.

Ba ta bar dukiya ba. Ta bar mutane masu yawo da ƙafafunsu a garin nan, waɗanda ba su san sunanta ba, kuma Baffa ya ƙara shekara shida a duniya saboda ita. Da-na-sani ƙeya ce.

Mai karatu, roƙona biyu ne. Idan ka je dubiya, ka tambayi nas kafin ka sa wa mara lafiya komai a baki, kuma in ta ce a'a, ka ji. Sannan ka roƙa wa Sakina rahama, ka haɗa da ni, Allah ya sa ta yafe mini.