Ɗinkin da Ya Kashe Farashin Littafina

Ban iya karatu ba sai da furfura ta fito mini a gemu. A Kano cikin dukawa na tashi, ina ɗinka gafaka, ina yi wa littattafan malamai bango da fata, amma abin da ke cikinsu ban san shi ba. Da sana'ar ta ja baya, wani ɗan'uwa ya samo mini aiki a Kuala Lumpur, a wani gidan abinci na Larabawa da ke Bukit Bintang. Shinkafa da naman rago nake dafawa, ina kwana a unguwar Sentul.

A nan na haɗu da wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatun digiri na uku a Pantai Dalam. Ranar Lahadi yakan tara mu ma'aikata kaɗan ya koya mana boko. Yana ce mini Kawu, ni kuma ina ce masa Malam, duk da na girme shi nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mini cewa harshen Malay yadda aka rubuta shi haka ake faɗarsa, kamar Hausa. Ni kuwa na daɗe ina jin Malay a kicin. Sai na koma karanta allunan shaguna a hanya, ina tafe ina motsa baki.

A ƙasan wani tsohon ginin kasuwa kusa da wurin aikinmu akwai shagon wani dattijo ɗan China, kowa Ankul yake ce masa. Komik yake sayarwa, wato littattafan labari na zane, tsofaffi, kowanne cikin ledarsa. Wasu ma an kulle su cikin akwatin roba kamar agogo mai tsada. Yakan zo wurinmu ya yi tapau ɗin shinkafa, wato a ƙunsa masa, ya tafi da ita shago, da haka muka saba. Wata rana na tambaye shi kuɗin guda ɗaya. Da ya faɗa, na yi dariya na ajiye masa kayansa. Ya ce kada in damu, masu sayen ma ba karantawa suke yi ba, ajiyewa suke yi har ya ƙara daraja. Abin ya ɗaure mini kai. Ni mai son karatu ba ni da littafin, masu littafin kuma ba sa buɗe shi.

Sai annobar korona ta zo, aka kafa dokar kulle. Titin da ba ya rabuwa da mutane ya koma wayam. Malam ya mai da darasinmu ta waya, kuma a ciki ne ya ba ni labarin cewa kasuwar hannun jari ta faɗi warwas a ko'ina. Na ce Allah ya kyauta, don ban ga abin da ya haɗa ni da ita ba.

Ashe akwai. Da aka ba shaguna damar buɗewa, na leƙa wajen Ankul da takunkumi a fuska, na tarar da kwalaye har rufi, ko wurin tsayawa babu. Ya ce mutanen da ke sayen komik su ne dai masu zuba kuɗi a hannun jari. Da jarin ya narke, kowa ya waiwaya cikin gida yana neman abin sayarwa, sai suka kwaso littattafan lokaci guda. Masu sayarwa sun yi yawa, mai saye babu. Na ce masa mu ma mun san haka, tumatir ne a lokacin kakarsa, kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja. Ya ce haka ne, sai dai waɗanda ba a samunsu da sauƙi, su ba su sauko sosai ba.

Ya tona wani kwali ya ciro mini wani tsohon labari na Malay, baƙi da fari, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi tun kafin a haife ni. Labarin wani masunci ne da guguwa ta raba shi da ƙanensa a teku, yake bin tsibiri bayan tsibiri yana nemansa. Kuɗin da ya karɓa bai wuce na ɗan shayi da roti, gurasarsu, ba. Amma ya gaya mini gaskiya, kashi na ƙarshe ba ya ciki. Kaɗan aka buga, don a lokacin masu bugawar sun kusa rufewa. Ya nuna mini shi a bango bayan kujerarsa, kulle cikin akwatin roba. Na ce ba komai, kafin in kai can Allah zai kawo hanya.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin rayuwata, ko da yake duniya tana cikin tsoro. Aiki ya ragu, da la'asar na dawo ɗaki. In zauna bakin taga, ruwa yana sauka, in ɗora yatsa a kan kalma. Idan ta gagare ni sai in dubi fuskar masuncin, zanen ya gaya mini rabin maganar. Idan ta ƙi duka sai in nuna wa Malam ta waya. Ranar da na karanta shafi guda ba tare da na tsaya ba, tashi na yi na zagaya ɗakin ina dariya ni kaɗai.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Littattafan sirara ne, ƙusoshin wayar da ke riƙe da su sun yi tsatsa saboda damshin garin, fanka kuma tana watsa mini su. A gidanmu ba a barin littafi haka. Littafin da kake girmamawa ɗinke shi kake yi. Sai na ciro basillata da ban rabu da ita ba tun daga Kano. Na cire ƙusoshin, na jera kashi-kashin bi da bi, na huda su, na ɗinke da zare mai kauri. Gefen da ya yi tsayi na daidaita shi da wuƙar kicin. Na yanko kwalin dabino na yi bango, na lulluɓe shi da fatar wata tsohuwar jakata. Ya fito tsaf, mujalladi guda, kamar na malamin zaure. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba labari ba ne.

Sannu a hankali na kai ƙarshen abin da ke hannuna. Masuncin ya sauka a wani tsibiri, ya hango hayaƙi, ya ji wata murya tana rera waƙar da uwarsu take yi musu suna yara. Ya fara gudu. Nan shafin ya ƙare. Na juya bango, babu komai.

Na koma wajen Ankul, na tarar da shagon ya canza. Kwalayen sun ragu, wayarsa ba ta daina ƙara. Kasuwar hannun jari ta farfaɗo, mutane kuma suna zaune a gida da kewar yarintarsu, sai suka afka wa tsofaffin komik. Waɗanda suka zubar da nasu da araha bara su ne suke dawowa suna nema da tsada. Kashi na ƙarshen da nake jira ya yi tashin gwauron zabo. Na ce ko zai buɗe mini in karanta a tsaye in mayar. Ya ce da zarar an fasa akwatin nan, darajar ta tafi.

Amma sai ya tuna wani abu. Ya ce kashi na farko da ya sayar mini shi ma yanzu nemansa ake ido rufe, kuma nawa mai kyau ne ƙwarai. In kawo masa shi, ya ba ni na ƙarshe a madadinsa, in fasa akwatin in sha karatuna. Na ce na farkon ai na haddace shi, an gama.

Malam ya ji daɗin labarin har ya ce zai raka ni. A cikin jirgin ƙasa yana ta tsokanata, wai Kawu ya zama ɗan kasuwa, ya saya a ƙasa zai sayar a sama, abin da masu digiri suka kasa. Ni dai ina rungume da littafina a cikin farin ƙyalle.

Na ɗora shi a kan teburin Ankul na kwance ƙyallen, ina jiran yabo. Ya dubi littafin, ya dube ni. Ya buɗe bangon da yatsa ɗaya, ya ga zaren ya ratsa ta tsakiyar kashi na farko, ya ga gefen da wuƙa ta bi. Ya cire tabarau ya zauna.

"Haji, wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Ja ka gani, ba ya ɓallewa."

"Ai na ga ba ya ɓallewa. Shi ya sa nake son in yi kuka."

Malam ya riƙe ciki yana dariya a bayan takunkumi. "Kawu, kasuwar duniya ta faɗi ta tashi, littafin nan ya tsira. Basillarka ce kawai bai tsira daga gare ta ba."

Na ce to Malam, kai ka koya mini karatu, ba ka koya mini cewa akwai littafin da gyara yake ɓatawa ba. Ankul ya bayyana mini cewa a wajen masu tara komik, rami ɗaya na allura ya isa ya kashe farashi. Musayar dai ta mutu. Na ɗaga kai na dubi akwatin robar a bango. Raina ya sosu, ba don kuɗin ba, don masuncin da na bari yana gudu.

Na fara naɗe ƙyallena, amma Ankul bai saki littafin ba. Yana ta juya shi, yana buɗewa yana rufewa, yana shafa fatar. Ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a, bai taɓa riƙe komik ɗin da za a iya ba yaro ba tare da fargaba ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya jawo wani kwali mai tabon ruwa. Rufin ɗakin ajiyarsa ne ya yi yoyo a lokacin kulle, ya jiƙa komik ɗin da ke ciki. Bangonsu ya ɓalle, takardun sun kumbura, babu mai saye. Ya ce jikokinsa kullum suna roƙon ya ba su na karantawa yana hana su.

"Waɗannan za ka iya ɗinke su, Haji? Boleh?"

"Boleh," na ce, wato zan iya.

Ya tona can ƙasa, ya zaro wani siriri marar bango, gefensa ya yi ruwan ƙasa, ya ɗora a kan littafina.

"Ga ladanka. Na ƙarshen ne. Wannan ko ka huda shi da mashi ba abin da zai rage."

Ban jira na koma Sentul ba. Na zauna a kan wani kwali a cikin shagon, na ɗora yatsa. Malam ya matso zai taimaka, na ɗaga masa hannu. Masuncin ya isa bakin bukkar. Wanda yake waƙar yana gyaran koma, ya ɗago kai. Kalmar da ya faɗa guda ɗaya ce, wadda ƙane yake kiran yayansa da ita, kuma na karanta ta da kaina, da ƙarfi, har Ankul ya tafa.

Kwalin nan na ɗinke shi duka kafin a buɗe gari sosai. Kashi na ƙarshe kuwa na kwance zaren littafina na saka shi a mazauninsa. Ya fi sauran duhu da kumburi, daga gefe ma ana gane shi.