Ranar da Aka Miƙa Mini Muciya

Cikin shekaru goma sha biyu da na yi a wannan aiki, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda aka miƙa mini muciya a gaban baƙo, ina sanye da babbar riga. Ku da kuka shigo bana kuna ganin ina gaishe da Malama Luba da ladabi, kuna zaton haka muka faro. Ba haka ba ne, kuma gara ku ji daga bakina kafin direbobin ofis su ba ku nasu da gishiri.

Ga wanda bai san aikinmu ba, abin ba wuya. Kamfani zai ƙera kaya, kayan su ƙi shiga kasuwa, sai ya ba ofishinmu kwangilar tambayar jama'a dalili. Kowane ma'aikacin fili ana yanka masa unguwa, ya riƙa tsallake gida huɗu yana sallama a na biyar, ya cika fom a waya. Ni ne mai duba aikin fili a lokacin, ni ke raba unguwanni, ni ke haɗa rahoto. Sama da ni sai manaja.

A wata damina aka kawo mana aikin wani murhun gawayi na ƙarfe, dogo, ya kai gwiwa, mai tsimin gawayi ƙwarai. An raba shi a gidaje don gwaji, an kai kasuwa, amma shiru. Fom ɗin ya ce a tambayi mai girki a gida. To mu duk maza ne, kuma kun san gidajenmu, ba shiga. Sai mu yi sallama, maigida ya fito zaure, a shimfiɗa tabarma, mu tambaye shi a madadin iyalinsa. Haka muka gada, haka muke yi, ko a jikinmu. Amsar kuwa kusan iri ɗaya ce a duk unguwannin Sakkwato, daga Mabera har Kalambaina: "Murhu dai ba shi da aibu, tsada ta ɗai."

Ana cikin haka babban ofis ya aiko da sabon tsari: dole kowace tawaga ta kasance da mata, da masu buƙata ta musamman, don a ji ta bakin waɗanda aka saba tsallakewa. Aka kuma ce bayan wannan aikin za a naɗa shugaban shiyya, mai kula da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Wannan kujera kam na gama zama a kanta a zuciyata. Har na fara tunanin labulen da zan sa a ofishin.

Sai aka kawo Luba. 'Yar Mabera ce, shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana ƙarama, da sanda take tafiya, takardarta kuma ba ta kai tawa ba. Na dube ta na ce a raina an kawo mana ita ne don a cika sharaɗi a ɗauki hoto. Da na zo rabon unguwanni na ba ta lungunan Runjin Sambo, inda keke ba ya shiga idan an yi ruwa. Ba kuskure na yi ba, da gangan na yi.

Mu muna yin gida goma sha biyar a rana, ita da ƙyar take yin shida. Ta dawo da la'asar, gefen zanenta duk taɓo, mayafinta na warin hayaƙi. Na kai ƙararta wurin manaja sau biyu, na ce tana ja mana aiki baya. Karo na biyu bai ko ɗago kai ba, yana karanta fom ɗinta. Akwai wani gurbi a ƙarshen fom da ake rubuta ƙarin bayani, mu mukan bar shi fayau, ita kuwa cika shi take yi har ya ƙi ɗauka. Daga ranar ya koma kiranta Malama Luba. Ni da na shekara da shekaru a ofishin, Attahiru kawai nake, gatsal.

Ba zan ɓoye muku ba, kishi ya ci ni. Idan ta shiga ofishin manaja sai in sami abin nema kusa da ƙofar. Idan aka yi dariya a ciki sai shayina ya fita raina. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ballantana in sami abin kamawa. Kullum da safe sai ta tsaya bakin teburina ta gaishe ni har da tambayar iyali.

Da na zauna haɗa rahoto sai na karanta bayananta. Matan da ta zauna da su a madafa ba su yi zancen tsada ba. Cewa suka yi murhun ya cika tsawo, gindinsa kuma siriri, idan tuwo ya yi kauri ana tuƙi sai tukunya ta goce, murhu ya bi ta. Wata a Runjin Sambo ta nuna mata tabon ƙuna a ƙafa. Shi ya sa suka mayar da shi na dafa ruwan shayi, suka gaya wa maƙwabta kada su saya. Nan take na san ita ta samo amsar, mu mun yi wata guda muna shan inuwar zaure.

Na kwashe bayanin kaf, na gyara masa Turanci, na sa shi a shafin farko. Sunanta kuwa na tura shi can ƙarshe, cikin jerin ma'aikatan fili, tsakanin direba da mai shigar da bayanai.

Ranar gabatar da rahoto injiniyan kamfanin ya zo daga Kano da murhun a bayan motarsa. Na tashi na yi bayani tiryan-tiryan, ina cewa "na lura" da "na gano". Luba tana kujerar baya, sandarta a jingine da bango. Injiniya ya yi ta gyaɗa kai, ni kuma ina jin kujerar shiyya tana matsowa.

Da na gama ya ce, "Malam, wannan magana babba ce, sai mun canja ƙira gaba ɗaya. Ba zan iya kai ta sama da baki ba. Nuna min yadda yake gocewa."

Aka fita harabar ofis, aka sauke murhun. Aka roƙi matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa ta ara mana tukunyarta da tuwon dawa a ciki, bai daɗe da sauka ba. Aka ɗora, aka miƙo mini muciya. Ni da tun da aka haife ni ban taɓa tuƙa tuwo ba. Na naɗe hannun riga, na tsaya a kan tukunyar, na riƙa juya muciya kamar mai dama koko. Zufa ta keto mini. Murhu ko gezau.

"To ai bai motsa ba," in ji injiniya. Ya dubi manaja. "Anya ba mu koma maganar farashi ba?"

A nan ne ya kamata in juya in ce ga wadda ta gani da idonta. Kalma biyar ce ko shida. Wallahi na gwammace a jefar da gaskiyar duka da in ambaci sunanta, sai na ci gaba da juya muciya.

Muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Luba ta matso ta ce, "Malam Attahiru, tuwo da zamne aka tuƙa shi. A ba ni 'yak kujera."

Mai abinci ta miƙo tata. Luba ta zauna, ta ajiye sanda, ta karɓi muciya daga hannuna. Ta kai ƙafarta mai lafiya za ta tokare tukunya yadda mata ke yi a murhun ƙasa, ƙafar ba ta kai ba, tukunyar ta yi sama da yawa. Ta nuna wa injiniya wannan tukuna. Sannan ta kwantar da muciya ta janyo tuwon wajenta da ƙarfi. Ja na farko murhu ya girgiza, na uku tukunya ta goce, murhu ya kife, tuwo ya zube dab da takalmina.

Injiniya ya durƙusa yana auna tsawon murhun da hannu, yana jero mata tambayoyi: gida nawa, tukunya wace iri, mutum nawa ake yi wa girki. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba takarda a hannunta. Ba wanda ya sake waiwayata.

Bayan baƙo ya tafi manaja ya kira ni ciki ya rufe ƙofa. "Attahiru, wanga bayani da kak karanta muna, wa yas samo shi?" Na ce Luba. Ya ce ya sani, tun kafin in haɗa rahoto ya karanta fom ɗinta, jira kawai yake ya ji ko zan faɗa da kaina. Sati biyu bayan nan takarda ta fito, kujerar shiyya ta Malama Luba ce.

Ranar da takardar ta fito na koma gida da wuri, raina a jagule, na ba mai ɗakina labari ina neman wanda zai taya ni jin haushi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ja ni bayan madafa. Ga irin murhun nan, wanda aka raba mana a ofis na kawo gida, an kife shi an ɗora kwandon albasa a kai.

"Ranad da nat tuƙa tuwo bisa nai, saura kaɗan shi ƙone min ƙahwa," in ji ta.

Na ce don me ba ta gaya mini ba.

"Wa yat tambaye ni? Kai da kaz zo da shi kac ce na zamani na."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikin nan wanda ke taɓa kaya da hannunsa shi ake tambaya, kuma idan tawagarku duk irinku ce, akwai ƙofofin da ba za su taɓa buɗe muku ba, za ku dawo da fom cike da amsar wanda bai sani ba. Kishin kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce ya tafi duka ba, har yau idan motar shiyya ta zo ɗaukar Malama Luba nakan kau da kaina daga taga. Amma ni na yi wata guda ina yawo unguwa-unguwa ina tambayar maza, alhali mai amsar ita ke zuba mini tuwo kullum.